Yini Guda da Baƙin Hunturu a Bakin Teku

   

Yau shirin namu na tafiya ne, amma ba sai kin ɗauki mayafi ba, ba kuma sai kin biya kuɗin mota ba. Ki ci gaba da tsintar shinkafarki ko ɗinkin hularki, ki dai ba ni aron kunne. Za mu je bakin teku a ƙasar Gana, mu yini tun asuba har magariba muna kallon tsuntsaye, a irin wannan lokaci na hunturu.

Na san wata za ta ce, "Kallon tsuntsaye kuma? Aiki ya ƙare ne a duniya?" To, ki yi haƙuri ki biyo ni. Akwai mutanen da wannan ne aikinsu, akwai kuma masu yinsa don sha'awa, kuma abin da suka gano ya shafi ɗanki da ke yawo da danƙo a aljihu, ya shafi ledar da ake zubarwa a kwata.

Mu fara da abin da muka sani. Kowacce a cikinmu ta san shamuwa. In aka gan ta a kan tsamiya ko rimi, an san damina ta ƙarato. In ruwa ya ɗauke sai a neme ta a rasa. Kudu take yi, har can kudancin Afirka, inda ake damina lokacin da muke rani. To, kamar yadda shamuwa ke barinmu, haka wasu tsuntsaye ke barin ƙasashen Turai da Rasha da can ƙuryar arewacin duniya su zo mana. Dalilinsu yunwa ce. In sanyinsu ya kama, ruwa da taɓo sukan daskare, ƙwari su ɓace, rana ta gajarce. Tsuntsun da ke cin tsutsa daga cikin laka, in lakar ta zama dutse, sai ƙaura. Wasu suna sauka a fadamun Haɗeja da Nguru da Tafkin Cadi. Wasu kuwa bakin teku suke bi, har su iso Gana. Waɗannan ne baƙin da za mu je gaisarwa.

To, bismillah. Mu ɗauka mun kwana a Nima, unguwar da Hausa ke tashi kamar a Fagge, cikin birnin Akra, wanda iyayenmu ke kira Ankara. An yi sallar asuba, an sha koko da ƙosai. Kayan aikin ba su da yawa: madubin hangen nesa da ake ratayawa a wuya, da wani babba mai ƙafa uku da ake kafawa a ƙasa, da littafi mai hotunan tsuntsaye, da ɗan kundin rubutu, da gorar ruwa. Tufafi kuwa ba a sa masu ƙyalli. A bar leshi da jan gyale a gida, a sa mai ruwan ƙasa ko toka-toka, don tsuntsu ya fi mu ido.

Mun yi gabas, hanyar Tema, birnin da ke da babbar tashar jiragen ruwa. Kafin a shiga Tema akwai wani tafki da ake kira Sakumono. Tudun rairayi ne ya raba shi da teku, titi kuma ya bi ta kan tudun, sai wata 'yar kafa a ƙarƙashin titin da ruwan teku ke shiga yana fita. Saboda haka ruwansa gauraye ne, na gishiri da na daɗi, ga shi ba zurfi, ga taɓo shimfiɗe a gefe. Wajen tsuntsu, wannan taɓo shi ne rumbu.

Ƙarfe shida da 'yan mintoci rana ke fitowa a can cikin watan Janairu. Hazon hunturu yana kaiwa har bakin teku, sai dai sanyin bai kai namu ba. Ranar takan fito ja, kamar faifan da aka rina. Kafin ido ya ga komai, kunne ya riga ya ji: fito da kururuwa daga ko'ina. Cikin muryoyin akwai wadda muka sani, ta kirinjijiya, agwagwar nan mai farar fuska da ke tashi garke-garke tana fito. Ga balbela, ga zalɓe tsaye ƙiƙam cikin ruwa kamar an dasa shi. Waɗannan 'yan gida ne, ko a kogin garinku za ki gan su.

Sauran kuwa, tun da ƙasar Hausa ba ta da teku, bari mu laƙaba masu suna da kamanninsu. Ga mai ƙafar kara: fari da baƙi, ƙafafunsa jajaye, dogaye sirara, har ki ce iska za ta karya su. Da su yake shiga inda ruwa ya fi ƙarfin sauran. Ga mai bakin lauje, ruwan ƙasa, bakinsa dogo a lanƙwashe, da shi yake zura wa ƙaguwa har cikin raminta. Ga wasu 'yan mitsi-mitsi, ba su fi gwara girma ba, suna ta tsattsagar laka da sauri kamar keken ɗinki. Waɗannan ƙanana daga can arewacin Rasha da Turai suka taso. Ki lura da hikimar abin: kowanne da tsawon ƙafarsa da fasalin bakinsa, saboda haka kowanne da zurfin da yake cin abinci. Kwano ɗaya, hannu da yawa, amma kowa gabansa yake ci.

Wanda zai ba ki dariya shi ne baƙin zalɓe mai laima. Yakan yi 'yan taku cikin ruwa, sai ya buɗe fukafukansa ya kifa su ta gaba, ya rufe kansa ruf, ya zama kamar baƙar laima a kan ruwa. Ƙananan kifaye su ga inuwa, su taho neman mafaka, shi kuwa bakinsa na jiransu a ciki. Ya miƙe, ya haɗiye, ya ƙara gaba, ya sake kifa laimar. Mutanen Ga, masu wannan ƙasa, a al'adarsu ba sa taɓa wannan tsuntsu. Sun kuma gaji rufe kamun kifi a tafkin na wasu watanni a kowace shekara, don karfasa ta samu ta hayayyafa, watannin kuwa sun faɗo daidai lokacin da baƙin ke nan.

Yanzu hantsi ya yi. Mu tsallaka titi mu hau tudun rairayi, ga teku nan. 'Yar'uwa, in ba ki taɓa ganinsa ba, ki ƙaddara ruwan da ba ya da ɗaya gaɓar, ga ruri ba dare ba rana. Yana kuma da wata ɗabi'a da kogi ba shi da ita: yakan cika ya hau tudu, sa'an nan ya janye, sau biyu cikin yini da dare, kowanne kamar awa shida. Jan da wata ke yi wa ruwan ne ke kawo haka. Mai kallon tsuntsaye dole ya san wannan lissafi, don in ruwa ya janye tsuntsaye sukan watsu suna kiwo, in ya cika sai su taru wuri ɗaya suna hutawa.

A nan za ki ga wanda za mu kira ɗan-tsere. Fari ne da toka-toka, baƙin baki, baƙar ƙafa. In igiyar ruwa ta koma, sai su bi ta da gudu su tsinci 'yan ƙananan halittu masu ɓawo daga jiƙaƙƙen rairayi. In ta juyo, su ma su juyo a guje, ƙafafun ko ganinsu ba a yi don sauri, kamar yaran da suka tsokani kare. Haka za su yi ta yi, ba gajiya.

Wannan ɗan tsuntsu nauyinsa bai wuce na ƙwan kaza ɗaya ba, wato kamar giram 50. Amma da yawansu a Girinlan suke ƙyanƙyasa, ƙasar ƙanƙara da ke kusa da ƙarshen duniya ta arewa, kimanin kilomita 8,000 daga inda muke tsaye. Kafin ya tashi yakan ci ya ci har nauyinsa ya kusa ninkawa, kitsen nan shi ne guzurinsa. A watan Agusta na 2009 an ɗauki hoton wani a ƙasar Nowe, an gane shi da zobban launi da masu bincike suka sa masa a ƙafa. Bayan kwana biyar sai ga shi a bakin tekun Esiama, a yammacin Gana. Kilomita 6,000 ke nan, kamar a ce Kano zuwa Legas sau shida. Ba tasha, ba mai nuna hanya. Masana sun tabbatar tsuntsaye suna kama hanya da rana, da taurari in dare ya yi, da kuma maganaɗisun ƙasa da suke ji a jikinsu. Ikon Allah sai kallo.

Rana ta take, zafi ya sauko, tsuntsaye sun lafa. Wasu sun tsaya da ƙafa ɗaya sun cusa baki cikin gashin baya. Mu ma mu nemi inuwar kwakwa, a yi azahar, a ci shinkafa da wake, wadda mutanen Gana suka ara daga wajenmu har da sunan. Kafin rana ta yi sanyi, bari in ba ki labarin zobban nan.

Da can mutanen Turai sun daɗe suna gardama a kan inda tsuntsayensu ke shiga in sanyi ya zo. Har akwai masu cewa tsattsewa nutsewa take yi ƙarƙashin tafki ta kwanta cikin laka sai bazara. Sai a shekarar 1822 aka harbo wata babbar shamuwar Turai, fara mai jan baki, a arewacin Jamus, da mashi soke a wuyanta. Da aka duba, mashin na Afirka ne. Wani maharbi ya jefe ta a nan nahiyarmu, ba ta mutu ba, ta tashi da shi har gida. Har yau tana ajiye a jami'ar Rostock. Daga baya, a 1899, wani malamin makaranta a Danmak mai suna Mortensen ya fara sa wa tsuntsaye ɗan zoben ƙarfe mai lamba da adireshi a ƙafa. Duk wanda ya tsinci tsuntsun sai ya aika da labari. Da haka aka zana hanyoyinsu ɗaya bayan ɗaya.

Zobban nan ne suka tona wani abin baƙin ciki a wannan gaɓar da muke zaune. Ki ɗaga kai ki dubi inda masunta ke jawo taru. Fararen tsuntsayen nan masu siraran fukafukai da wutsiya mai baki biyu, masu faɗowa ruwa kamar kibiya su ɗauke ɗan kifi, mu kira su tsattsewar teku. Iri-iri ne. Akwai wata da ƙirjinta ke yin ɗan ja-ja lokacin aure, wadda ke ƙyanƙyasa a 'yan tsibirai na Ayalan da Birtaniya da Faransa. Wajen shekarun 1970 zuwa 1980 sai aka ga tana ta raguwa. Da aka bi sawun zobban da ake mayarwa, sai aka tarar da yawa daga Gana suke fitowa. Yara ne ke kafa masu tarko da zaren roba a kan rairayi, su sa ɗan kifi a tsakiya. Wani don ya gasa, wani don wasa kawai, ya ɗaure ta da zare yana ja har ta mutu. Yaran ba mugunta suka nufa ba. Ba wanda ya taɓa gaya masu cewa abin da ke hannunsu ya yi tafiyar dubban kilomitoci, kuma irinsa ya kusa ƙarewa.

A nan ne mace ta shigo labarin. A 1985 aka fara wani shiri na ceton tsuntsayen bakin teku a Gana, aka ɗora jagorancinsa a kan wata masaniyar dabbobi, Yaa Ntiamoa-Baidu, wadda daga baya ta zama farfesa a Jami'ar Gana da ke Legon. Ita da abokan aikinta suka riƙa bin gaɓar nan wata bayan wata suna ƙidaya, har aka san wane tafki ne ke ɗauke da wane tsuntsu, kuma guda nawa. Ba su tsaya nan ba. Suka shiga makarantu da ƙauyukan masunta, aka kafa ƙungiyoyin yara masu kula da namun daji, aka nuna masu hotuna, aka ba su madubin su leƙa da idonsu. Gwamnati kuma ta hana kama tsattsewar teku. A can Ayalan aka sa masu gadi a tsibirin Rockabill, kusa da birnin Dabilin, aka yi wa tsuntsayen 'yan akwatuna na sheƙa. A 1989 ma'auratan da ke tsibirin ba su kai 200 ba. Bayan shekara talatin sun haura 1,500. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: da masu gadi a can, da yaran da suka ajiye tarko a nan.

Ƙidayar nan ce kuma ta sa a 1992 aka shigar da wurare biyar na bakin tekun Gana cikin yarjejeniyar kare dausayi ta duniya, wadda aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971. Su ne Keta, da Songor, da Sakumono, da bakin kogin Densu, da Muni. Tafkin Nguru namu ma yana cikin wannan yarjejeniya.

La'asar ta yi, mu tashi. Za mu ratsa Akra da cunkosonta mu yi yamma, zuwa inda kogin Densu ke shiga teku. A nan akwai fagagen gishiri: a tare ruwan teku cikin faffaɗan fage mara zurfi, rana ta shanye ruwan, gishiri ya kwanta. Tsuntsaye na son gaɓoɓin fagagen nan, don ba mai damunsu sosai. Nan za mu koyi ƙidaya. Za ki ce yaya ake ƙirga abin da ba ya tsayawa wuri ɗaya? Kamar yadda kike duban buhun gero ki ce tiya kaza ce. A ƙirga goma a ga faɗin da suka ci, sa'an nan a bi garken da ido ana aunawa goma-goma. In garken babba ne a auna ɗari-ɗari. Mutum biyu su ƙirga, kowa ya faɗi nasa, a daidaita, a rubuta. Tun 1967 ake irin wannan ƙidaya cikin watan Janairu kowace shekara, yanzu a ƙasashe sama da ɗari, lokaci guda, don kada a ƙirga garke ɗaya sau biyu.

Rana ta yi ja, ta kusa faɗawa. Yanzu ne ladar haƙurin yini ke fitowa. Tsattsewar teku da suka yini a kan ruwa suna bin jiragen masunta sun fara dawowa makwanci, layi bayan layi, daga teku. Can kuma garken ƙananan nan ya tashi gaba ɗaya, wataƙila shaho ya gilma. Su juya baya, ki ga baƙi kamar hayaƙi. Su juya ciki, ki ga fari fat kamar an watsa auduga. Ɗaruruwa, amma ba mai karo da wani. Sai su sauka, wuri ya yi tsit, sai rurin teku. Ga kiran magariba daga unguwannin da ke kewaye. A naɗe madubi, a rufe kundi.

Amma kada in ɓoye maki abin da ido ya gani a hanya. Gidaje sun ci wani babban yanki na Sakumono da Densu, har hukuma ta sha zuwa tana rushe waɗanda aka gina cikin dausayin. Kwatocin birni suna juye ƙazanta a ciki. Leda da robar ruwa sun yi tsibi a gefe. Masu ƙidaya sun shaida tsuntsayen Sakumono sun ragu. Ba tsuntsu kaɗai ke asara ba. Dausayi shi ne ke shanye ruwan sama in ya yi yawa, in aka cike shi da ƙasa aka yi gini, ruwan sai ya nemi ɗakunan mutane. A cikinsa kuma kifi ke girma, matan da ke ƙyafe kifi da shi suke ciyar da 'ya'yansu.

To, uwargida, mun dawo gida. Mene ne namu a ciki? Na farko, yaro. Tarbiyyarsa a hannunki take. In kin ga ya shigo da ɗan tsuntsu ɗaure da zare, ko ya kwaso ƙwai daga sheƙa, kada ki tsaya ga tsawa kawai. Zaunar da shi ki ba shi labarin ɗan-tsere da kwanansa biyar. Yaran Gana da labari aka shawo kansu. In kuma an tsinci tsuntsu mai zobe a ƙafa, a rubuta lambar da ranar da wurin, a ba maigida ya kai ofishin gandun daji.

Na biyu, mataccen tsuntsun daji ko mara lafiya, kada yara su ɗauka, kada a kawo shi kusa da kajinki. Ba mu manta da murar tsuntsaye da ta ɓulla a Nijeriya a 2006 ba, da irin asarar da masu kiwo suka yi. Na uku, leda. Wadda aka jefa a kwata ba ɓacewa take yi ba, rafi take nema, rafi kuma ya kai ta fadama.

Na ƙarshe kuma, kallon nan ba sai a bakin teku ba. Tsakar gidanki ma tana da sama. Ki sami tsohon kasko ki zuba ruwa, ki ɗora a kan katanga ko wani wuri mai tsayi, nesa da kaji da kyanwa. Ki riƙa sauya ruwan kullum saboda sauro. Cikin ranin nan ba za a daɗe ba za ki ga kurciya da gwara da baiwar Allah suna zuwa sha. Ki sa 'yarki mai zuwa makaranta ta riƙa rubuta wanda ya zo da ranar da ya zo, da ranar da aka fara ganin shamuwa bana. In shekara ta zagayo ku duba. Ita ma waccan farfesa da ƙirga ɗaya, biyu, uku ta fara.

Nan za mu dakata. Wadda ta san sunan wani tsuntsun ruwa a garinsu, ko wani abu da kakanni ke faɗa a kansa, ta aiko mana da wasiƙa, za mu karanta. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A gaida maigida, a shafa kan yara. Ku huta lafiya.